Abin da ke Jakar Malama

"Na yarda da kai, ɗana," in ji tsohuwar malamar. "Shi ya sa jiya na sayo tawa."

A zauren taron wani ƙaramin gari na Texas ake. Kwana tara ke nan da harbe yara shida a firamaren da ta koyar shekara arba'in, ga magajin gari yana ta kumfar baki wai maganin bindiga bindiga ce, kowa ya rataya tasa, ba bincike ba tambaya. Ita ta koya masa rubuta sunansa, ta san iyakar jarumtarsa.

"Madalla, Malama!" ya ce, yana washe baki.

"Mai shagon ko tambayata bai yi ba ko ina gani. Tsaya in nuna maka, har yanzu ban gane inda ake dannawa ba."

Ta tura hannunta cikin jaka, ta juya ta wajensa tana lalube. Kafin ƙiftawar ido magajin gari ya shige ƙarƙashin tebur, malafarsa na gangarawa.

"Wa ya bar ta ta shigo da ita? A caje ta! A ƙwace!"

Ta zaro tabarau, ta goge, ta saka, ta leƙa shi.

"Sakatare, rubuta abin da ya ce. Kai kuma zauna nan tukuna. Haka yaran suka ɓuya ranar nan, sai dai teburinsu bai kai naka kauri ba."