Maganin Rage Ƙibar Malam Obadiah

"Sikelin nan ya lalace," in ji Malam Obadiah, yana cire takalmi da hula har da agogo. Ya sake hawa. Kilo ɗari da tara dai, kamar wata uku da suka wuce.

Likitan asibitin da ke Samaru ya duba katinsa, fuska ba walwala. Ga ciwon suga, ga zuciya ta fara kumbura. In nauyin bai sauka ba, sai a ba shi gado. Ya tambaye shi ko yana shan maganin rage ƙibar da aka rubuta masa.

"Kullum, likita! Matata Salome ce ke ba ni da hannunta. Na bar tsire, na bar kunun zaƙi. Mai kemis ɗin nan na unguwar PZ ne ya sayar mana da jabu, yau kuwa sai ya gane kurensa!"

Ya zaro ƙwaya ɗaya daga aljihu ya miƙa. Likita ya jujjuya ta, ya ce, "Baba, ai wannan bitamin ne."

Obadiah ya juya wajen Salome da ta rako shi. Sai a lokacin ya lura yadda ƙashin wuyanta ya fito. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani.

"Baban Jessica, tsoro na ji kada maganin ya taɓa maka zuciya, shi ne na fara gwadawa a kaina."

"Wata uku kina gwaji?"

"To ai rigar aurenmu saura kaɗan ta shige ni. Ka yi haƙuri zuwa Kirsimeti."