Wata Ma'aikaciya Ta Taimaka

A ɗakin shan shayi na asibiti wani likita ya ajiye wa nas ɗin da zai aura takardunsa na neman izinin zama na dindindin a ƙasar da ya zo aiki, da biro a kai. Saura wata biyu bikinsu.

"Masoyiya, hannu kawai za ki sa, a matsayin shaida. Sauran duk surutu ne."

Nas ɗin ta buɗe. Ya kai hannu zai rufe, ta janye takardar. A inda aka ce ya bayyana nasarorinsa a aiki, ya rubuta wai shi ya ƙirƙiro katin nan mai launi-launi da ake maƙalawa a gadon jarirai bakwaini, wanda ya sa aka daina rikita musu magani. Shekara guda ta yi tana yanka katunan da almakashinta, shi kuwa yana mata dariya, yana kiransu wasan yara.

"Ni ina nake a nan?"

"Ga ki can ƙasa mana." Ya nuna ba tare da ya dube ta ba.

An rubuta: wata ma'aikaciya ta taimaka.

"Wata?"

"Haba, in na samu ai mu biyu muka samu. Matata fa za ki zama, naki nawa ne."

Murmushin nan nasa da ta daɗe tana so, yau sai ta gan shi kamar maiƙo a kan ruwan wanke-wanke.

Ta zare zobensa, ta ɗora a layin sa hannu.

"Ga shi, Likita. Wannan ma ka rubuta kai ka cire."