Ranar da Sabis Ya Ɗauke a Yakasai

Malam Ɗahiru na tsaka da musu da wani a Fesbuk, hannu ɗaya cikin kwanon tuwo, sai sabis ya ɗauke a Yakasai gaba ɗaya. Dole ya ɗaga kai.

Bangon falon kore ne, shi kuwa fari ya san nasa. Ga wata mata mai tabarau, ga wani zabgegen saurayi mai gemu, kowa na jijjiga wayarsa. Shi ke nan, garin latse-latse a hanya ya faɗo gidan mutane, har ya ci musu tuwo!

Matar ta dube shi, ta kurma ihu: "Wayyo, ƙato a gida!"

Saurayin ya rarumo taɓarya. Ɗahiru ya fita a guje ba takalmi, ya faɗa shagon Baba Audu tela yana haki.

"Baba, ɓoye ni! Gidan wani na shiga bisa kuskure."

Tsohon ya leƙa, ya ga masu biyo shi.

"Ɗahiru, ai Zubaida ce, matarka. Mai taɓaryar kuma ɗanka ne, Nura."

Ɗahiru ya saki baki.

"Nura? Yaushe aka yaye shi?"