Fatsar Tsakar Rana

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar fatsa ya san kifi ba ya cin ƙugiya da tsakar rana. Da sanyin safiya yake hawowa, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Direba ne ma ya koya wa abokinsa Tela haka, tun suna da baƙin gashi, lokacin da suka mai da zuwa tafki abin hutunsu. Sai ga malamin da kansa ya koma fita in rana ta take, ya dawo bayan azahar da bokiti wayam.

Da farko Tela tsiya ya riƙa yi masa, wai kifayen ma sun gane tsufa ya zo. Direba bai rama ba. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a baki ba! Nan Tela ya sha jinin jikinsa.

Rannan ya haɗu da matar Direba a hanya. Ta ce maigida lafiya lau, sai dai abinci ne ba ya shiga. Ya tambayi labarin autansu da aka ce ya tafi neman aiki. Ta gyara mayafi ta ce yana gaida kowa, ta wuce da sauri.

Abin da ya fi tsaya wa Tela a rai shi ne wurin zaman. Direba ya bar inuwar bishiyarsu, inda tarwaɗa ke taruwa, ya koma kan wani dutse a inda tafkin ya tsuke. Babu inuwa, babu kifi, ga zurfi. Kuma Direba bai iya ruwa ba. Tela ya ji tsoro ƙwarai, don ya san abin da baƙin ciki ke sa mutum ya aikata.

Ya bar rigar mutane a bakin keken ɗinki, ya rufe shago ya bi shi.

Can ya same shi, ya rame, hula ta jiƙe da gumi. Tela ya zauna kusa, inda hannunsa zai kai ga wuyan rigar abokinsa. Ruwa ya kwanta luf. Babu mai motsi sai fursunonin da ake kawowa yankan ciyawa a waccan gaɓar, gandirobobi suna hamma a inuwa.

Tela ya kasa haƙuri. Ya fizge sandar ya jawo zaren. Ƙugiya ta fito tsirara, ko tana babu, har ta fara tsatsa.

"Haba mutumina," in ji Tela. "Me ka zo yi a nan? In wani abu kake nufi da ranka, wallahi sai dai mu faɗa tare."

Direba bai dube shi ba. Ya miƙe a hankali. Tela ya cafke rigarsa.

"Sake ni, ba inda za ni," Direba ya ce, ya sa hannu ya kare rana yana hangen fursunonin. "Yanzu za su kwashe su. Kai da kake zura allura, idonka ya fi nawa. Duba min autana, shi ne na ƙarshe a layi. Ɗingishi yake yi yau, ko idona ne?"