Farashin Alawayyo

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, wani Alhaji mai shagon yadi a Dutsin-Ma ya ninka kuɗin alawayyo, bisa shawarar ɗansa da ya karanto tattalin arziki.

"Baba, atamfa in ta yi tsada, mata sai su haƙura. Amma likkafani? Wa ka taɓa gani yana neman ragi, gawa na kwance a gida?"

Ilimin bai yi ƙarya ba. Daga Kutawa har Kurfi masu makoki suka riƙa zuwa da jajayen idanu, su biya, su wuce. Alhaji ya sake ninkawa, har ya samu na Umra.

Ranar da Alhajin ya cika, liman ya aika a yanko likkafani. Ɗan ya warware bandir, ya tuna abin da kowane yadi ke kawowa yanzu, sai almakashin ya ɗan ja baya.

Masu wanka suka ja ƙyallen ta kai, ƙafafu suka leƙo. Suka ja ta ƙafa, furfura ta bayyana.

Liman ya ce, "Yaro, a ƙaro yadi."

"Allah gafarta Malam, ku ɗan lanƙwasa Baban mana. Kaya sun yi tsada."