Injin Mai Maƙoƙo

Malama Uwani ta shekara ashirin tana rubuta manhaja, kuma ba ta iya ƙin abu kai tsaye sai ta bi ta labari. Ranar da abokin aikinta Sallau ya ce zai farke tsohuwar manhajar ofishinsu don ta dace da sabuwar da aka sayo, sai ta ture kofin shayinta gefe ta ba shi wannan misali.

Wani manomin rani ne ya gaji injin ban-ruwa daga mahaifinsa. Tsoho ne, jikinsa na ƙarfen sanholo, an daina kawo irinsa kasuwa, amma ja ɗaya yake tashi. Bakinsa inci biyu ne, kuma gona uku ke sha da bakin nan: tasa ta albasa, ta yayarsa wadda mijinta ya rasu ya bar mata tumatir da 'ya'ya huɗu, da ta wani dattijo maƙwabcinsu. Kowa da mesarsa, kowa da ranarsa. Da manomin ya ƙara faɗin gona sai ya sayo sabuwar mesa mai inci uku, ya zo sakawa ta ƙi zama. Ya ɗaure da robar tayar keke, ruwa ya tunkuɗe ta ya yi masa wanka. Ya je wurin maƙeri, maƙeri ya auna bakin inji, ya auna bakin mesa, ya ƙera masa wani guntun ƙarfe da bai kai taƙi ba, gefe ɗaya tsukakke, gefe ɗaya buɗaɗɗe, tsakiyarsa a kumbure. Muni kam ba a magana. Amma inji bai san an canza masa mesa ba, mesa ba ta san injin tsoho ba ne, ruwa kuwa ya bi hanyarsa. Ran yayarsa sai a kwance guntun, ta sa tata kamar kullum. Rani biyu aka yi haka, ba wanda ya kwana da ƙishi.

Sai dai fadama ba ta rasa 'yan tsokana. Wani ya dubi kumburin ya ce injin wane ya yi maƙoƙo, suna ya bi shi. In ya doso da amalanke sai ka ji ana cewa a ba da hanya ga mara lafiya. Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cin sa a rai, don shi mutum ne da ya fi tsoron dariyar mutane a kan fari. Ya koma wa maƙerin ya ce a yanke bakin injin gaba ɗaya a dasa mai inci uku, a huta da faci.

Maƙerin ya ce, “Ɗan'uwa, bakin nan ba kai kaɗai ke sha da shi ba. Kuma sanholo ba ya son wuta. Ni dai ba da hannuna ba.”

Ya ɗauka ƙyashi ne. Ya wuce gari wurin wani mai walda wanda bai taɓa ce wa aiki a'a ba. Aka sa zarto, aka sa wuta, bakin ya fito sumul, gwanin kyau. Ya dawo da shi fadama da hantsi, lokacin da ya san kowa na nan. Ya cika shi da ruwa, ya ja igiya, inji ya tashi da rurinsa na da. Mesa ta kwanta shiru. Zafin walda ya tsaga cikin injin, tsaga siririya kamar gashi, yana shaƙar iska maimakon ruwa. Aka liƙe da gam, aka liƙe da sabulu, aka koma gari aka ƙara wuta, tsagar ta ƙara tsawo. A lokacin albasa ta fara sa kai, ba ta jure kwana huɗu babu ruwa, injinan haya kuwa duk suna da masu layi.

Rana ta uku ranar yayarsa ce. Ta zo da mesarta a naɗe a ka, ta sauke, ta tsuguna ta gwada ta a sabon bakin. Ko da injin yana da lafiya, ba za ta shiga ba. Sai a lokacin ya gane cewa tun kafin wuta ta taɓa ƙarfen ya riga ya yanke mata ruwa, kuma ko sau ɗaya bai tuna da ita ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, “Da ka gaya mini, da ban shuka ba.” Ta naɗe mesarta, ta aika gida a kawo bokiti. Ya bi ta da kallo, kunya ta hana shi ko tayin taimako. Tumatirinta ya ƙone a makon, albasarsa ta bi baya, dattijon ya daina amsa masa gaisuwa. Guntun ƙarfen kuwa yana nan cikin buhu lafiya ƙalau, babu sauran bakin da zai shiga.

Malama Uwani ta jawo kofinta ta ce, “Guntun nan shi muke kira adafta. Tsohuwar manhajar nan tana aiki, kuma sassa uku na ofishin nan ke amfani da ita yadda suka saba. Rubuta ɗan abu a tsakani, ya karɓi buƙata yadda sabuwar ke aiko ta, ya miƙa wa tsohuwar yadda ta sani. Ba zai yi kyau ba, ba kuma wanda zai yabe ka a kansa. Na taɓa farke irin wannan don kar a ce na yi faci, kuma ba ni kaɗai na sha wuyar ba. Hausawa sun riga mu faɗa: garin neman gira aka rasa ido.”