Masuncin da Ya Tara Kifayen Shak a Gindin Dutse

Kana ta kukan an gane lagonka, ɗan'uwa. To zauna ka ji na wani masunci.

Mutumin Yawuri ne, ya tafi su bakin teku, aka ba shi aron jirgi mai inji. A can ya haɗu da shak, ƙaton kifin nan mai haƙora kamar zarto. Duk kifin da ƙugiyarsa ta kama, kafin ya jawo shi sama an gutsure gangar jikin, sai kai kawai ke lilo. Mata masu sayen kifi suka sa masa suna Sarkin Kawuna. Mai jirgi kuwa ya ce, “Juma'a mai zuwa in ban ga kifi da wutsiyarsa ba, ka ajiye mini jirgina.” Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga iyali a gida sun zuba ido. Maimakon ya yi ta zagin ruwa, sai ya zauna yana kallonsa. Ya lura cewa da zarar ya tada inji, wata tsohuwar shak mai tabo a baya ce ke fara zuwa, sauran na biye. Ƙananan ma ba su san komai ba, abin da ta yi shi suke yi. Ashe ƙarar inji ce ta zame musu kiran tuwo.

Sai ya ce, tunda karatu suke so, bari ya zama malaminsu. Kwana huɗu yana zuwa gindin wani dutse da ke cikin teku, ya bar inji na ruri, ya zuba musu kawunan nan da ake masa dariya da su. Tsohuwar ta haddace, ɗalibanta suka ɗauka. Ran Alhamis ya bar wani abokin sana'arsa cikin jirgi a gindin dutsen da inji a kunne, shi kuwa ya shiga ƙaramin kwalekwale, ya tuƙa da hannu shiru zuwa wani wuri mai nisa, ya saki ƙugiyoyinsa. Kafin azahar kwalekwale ya cika har yana neman shan ruwa, kowane kifi da wutsiyarsa. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai jirgi yana murmushi, matan nan na ture juna wajen saye. Su kuwa shak suna can suna kewaya dutse, suna jiran tuwon da ba a ɗora ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.